Saƙa

saƙa (suna, mace). Sarƙa zaren tsaye da na kwance har su zama ƙyalle. Mai yin ta masaƙi, jam'i masaƙa. Kayan aikinta sun haɗa da ƙoshiya da masefi da kunkuru mai riƙe zaren tsaye. A karkarar arewacin Kano, wajen su Makoda da Dambatta da Minjibir, an san ta a matsayin sana'ar rani, wadda manomi ke komawa gare ta bayan girbi.

Mai koyo ya kamata ya fara da siririyar ƙwarya, wato ƙyalle mai ƙaramin faɗi, domin abin da ke ba sabon hannu wuya shi ne daidaita ɗaurin zare, kuma a siririn aiki kuskure yana bayyana nan take, gyaransa ba ya cin zare da yawa. Hanya mafi arha ita ce saƙar kati: ƙananan alluna masu huda huɗu, a zura zare a kowace huda, a riƙa juya su ana wuce da zaren kwance. Tsohuwar dabara ce. An tono irin allunan a kabarin Oseberg na Norway, na shekarar 834.

Wasu za su ce siririn aiki wasan yara ne, ba ya ciyar da gida. Tarihi bai goyi bayansu ba. Tufafin Kano da matafiyi Heinrich Barth ya gani a 1851, waɗanda fatake ke kai wa har Tumbuktu da Tarabulus, siraran ƙore ne aka ɗinka wuri guda. Gaskiya ne yadin kamfani ya karya kasuwar zane, amma ɗamara da hamilar takobi da kwalliyar dawakin hawan sallah har yanzu aikin hannu suke nema.