Tarihin Wuraren Ziyara da Shaƙatawa a Maroko

Tun kafin a san wani abu wai yawon buɗe ido, hanyoyin Maroko cike suke da matafiya, kuma abin da ke fito da su daga gida shi ne ilimi da fatauci da ziyarar waliyyai da neman lafiya. Birnin Fas ne cibiyar wannan zirga-zirga. Idris na Ɗaya ya kafa shi a shekarar 789, ɗansa Idris na Biyu ya faɗaɗa shi, sannan a 859 Fatima al-Fihri ta gina masallacin Ƙarawiyyin, wanda ya zama matattarar ɗalibai daga ƙasashe masu nisa. Fatake kuwa a funduƙ suke sauka, wato gida mai faffaɗan tsakar gida, dabbobi da kaya a ƙasa, ɗakunan kwana a bene. Shehu Ahmadu Tijjani ya zauna a Fas daga 1798 har rasuwarsa a 1815, kuma zawiyarsa ce ke kai 'yan ɗariƙa daga Najeriya da Nijar da Senegal wannan birni har gobe. Marrakesh, wadda Murabiɗawa suka kafa wajen 1070, ita ce ƙofar kudu, inda ayarin Sahara ke sauke kaya.

Maɓuɓɓugan ruwan magani ma sun riga Turawa. Wadda ta fi shahara ita ce Mulai Yakub, kimanin kilomita 20 arewa maso yamma da Fas. Ƙauye ne maƙale a gangaren tudu, ana sauka wurin wankan ta dogayen matakala, kuma tun daga sama warin farar wuta ke tarbar baƙo. Ruwan yana fitowa daga ƙasa da zafin da ya wuce digiri 50. Masu ciwon gaɓoɓi da cututtukan fata su ne suka fi zuwa, maza da kududdufinsu, mata da nasu, iyali kan kama ɗaki a gidajen mutanen gari su kwana biyu suna shiga ruwan. A wurin masu zuwa, albarkar waliyyin da wurin ke ɗauke da sunansa da amfanin ruwan tafiyarsu ɗaya. Gabas da Fas kuma akwai Sidi Harazem, wadda ruwanta na sha ne, ana nemansa saboda ciwon ƙoda.

Yarjejeniyar Fas ta 1912 ta sa ƙasar a hannun Faransa, daga nan salon tafiya ya sauya. Wakilin Faransa na farko, Lyautey, ya mayar da fadar mulki Rabat, ya kuma sa aka gina unguwannin Turawa a wajen ganuwa, aka bar tsofaffin biranen yadda suke. Wannan tsari ya tsare gine-ginen tarihi daga rushewa, amma ya raba mazauna gida biyu, ya mayar da cikin gari abin kallo ga baƙi. Kamfanin jirgin ƙasa ne ya gina otal ɗin La Mamounia a Marrakesh a shekarun 1920, domin masu hannu da shuni da ke gudun sanyin Turai.

Turawan da ke aiki a ƙasar kuwa zafin bazara ne damuwarsu. Shi ya sa a 1929 suka kafa garin Ifran a tsakiyar duwatsun Atlas, a tudun da ya haura mita 1,600, kusa da dazuzzukan al'ul masu cike da birai. Gidajen an yi su ne irin na tsaunukan Turai, da jan rufi mai tsini don dusar ƙanƙara ta zame, ga lambuna da tafki da itatuwan da aka kawo daga waje. Sanyin wurin ba na wasa ba ne, domin a Fabrairun 1935 ma'auni ya sauka kusan digiri 24 ƙasa da sifiri, wanda ake lissafawa a matsayin mafi tsanani da aka rubuta a Afirka. Abin da littattafan jagoran baƙi ba su cika faɗa ba shi ne inda masu aikin gidajen suke kwana. 'Yan ƙasa masu shara da girki da ban-ruwa a unguwar Timdiƙin suka tare, tsallaken wani kwazazzabo, nesa da idon masu hutu.

Bayan samun 'yancin kai a 1956, 'yan Maroko suka riƙa sayen gidajen Ifran, garin ya zama wurin hutun iyalai daga Fas da Meknas da Kasablanka. A 1995 aka buɗe Jami'ar Al-Akhawain a can, wadda Sarki Hassan na Biyu ya kafa da gudummawar Sarki Fahad na Saudiyya. A Sidi Harazem an gina otal da kasuwa da wuraren ninƙaya a shekarun 1960 bisa zanen Jean-François Zevaco, aka kuma fara sayar da ruwan a kwalba. Agadir, wadda girgizar ƙasa ta rusa a 1960, an sake gina ta a matsayin garin shaƙatawa na bakin teku.

UNESCO ta sa tsohon birnin Fas cikin kayan tarihin duniya a 1981, Marrakesh kuma a 1985. Daga baya tsofaffin gidaje masu lambu a tsakiya suka riƙa komawa masaukin baƙi, abin da ya ceci gine-gine da yawa, ya kuma tsawwala farashin gida ga 'yan asalin unguwannin. A 2024 ƙasar ta karɓi baƙi fiye da miliyan 17. Wuraren kan duwatsu ne ke fuskantar matsala a yanzu. A Ukaimedan, kudu da Marrakesh, da Mishlifan kusa da Ifran, inda ake wasan zamiya a kan ƙanƙara, farin da ƙasar ta yi ta fama da shi a 'yan shekarun nan ya gajarta lokacin dusar, har wasu shekarun masu hayar kayan wasan ba sa samun aikin kirki.