ARAHA DA WANDA YA BIYA TA

Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma ni dai ban taɓa ganin mutumin da ya hango araha ya kau da kai ba. Wannan hali na ɗan Adam shi wani Ba'amurke mai suna Sam Walton ya karanta, ya gina kantunan Walmart a kansa, har ga shi yau mutanen ƙasarsa sun rabu biyu a kan lamarin: wasu na sa masa albarka, wasu kuwa ko sunan kantin ba su son ji.

Asalin abin daga ƙauye ne. A shekarar 1945 Walton ya karɓi wani ɗan kantin kayan tireda a garin Newport da ke jihar Arkansas. A nan ya gano cewa in ya rage riba a kan kowane kaya, cinikin da zai yi sai ya ninka abin da ya rage. A 1962 ya buɗe Walmart na farko a garin Rogers, shekarar da Kmart da Target su ma suka buɗe nasu. Sai dai su sun nufi manyan birane, shi kuwa ya bi ƙananan garuruwan da aka raina. Ya riƙa gina katafaren sito, sannan ya zagaye shi da kantuna, yadda motar kaya za ta kai ga kowanne cikin yini guda. Ya kuma riƙa sarin kaya daga masana'anta kai tsaye, ba dillali a tsakani. Kafin mutuwarsa a 1992 ya riga ya zarce kowa a harkar kanti a Amurka. Kmart kuwa sai da ta kai ga neman kariyar kotu saboda bashi a 2002.

To, mai karatu, bari mu fara da masu yabo. Talakan da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, in ya shiga wuri guda ya sami abinci da sutura da magani da littattafan yara a farashin da bai saba gani ba, wa zai ce masa kada ya shiga? Ta fannin aiki ma akwai abin faɗa. Kamfanin na da ma'aikata kimanin miliyan biyu a duniya, kuma yana ɗaukar wanda ba shi da takardar babbar makaranta. Doug McMillon da ya zama shugaban kamfanin a 2014, da sauke kaya a sito ya fara a 1984 yana ɗan makaranta.

Amma fa masu kuka su ma ba banza suke yi ba. Na farkonsu su ne masu ƙananan shaguna. In babban kanti ya sauka a bakin gari, mai kayan gini da mai magani da mai takalma da suka gaji shago iyaye da kakanni sai ciniki ya ƙaurace musu, domin a wasu kayan farashin sarinsu ya fi farashin da kantin ke sayarwa. Wani da ya yi shekara talatin yana maigidan kansa, ƙarshe sai ka gan shi sanye da rigar kantin yana jera kaya.

Sai ma'aikata. Kamfanin ya daɗe ba ya ga maciji da ƙungiyar ƙwadago. A shekarar 2000 mahautan wani reshe a Jacksonville ta jihar Texas sun kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiya, ba a jima ba kamfanin ya sanar da cewa zai koma sayar da naman da aka riga aka yanka aka naɗe. A 2005 ya rufe reshen Jonquière a Kanada bayan ma'aikatansa sun kafa ƙungiya, ya ce wai reshen ba ya kawo riba. Mata ma sun kai ƙara a 2001 cewa ana fifita maza a albashi da ƙarin girma, amma a 2011 Kotun Ƙoli ta ce ba za a haɗa mata wajen miliyan ɗaya da rabi a ƙara guda ba. A 2020 kuma wani binciken gwamnatin Amurka ya nuna Walmart na sahun gaba cikin kamfanonin da ma'aikatansu ke karɓar tallafin abinci na gwamnati a jihohin da aka duba. Wato mutum na aiki a gidan abinci, amma sai hukuma ta cika masa tukunya.

Akwai kuma waɗanda ba a ganinsu sam. A watan Nuwamba na 2012 gobara ta kashe sama da mutum 110 a masana'antar ɗinki ta Tazreen a Bangaladash, aka kuma tarar da tufafin da ake ɗinka wa Walmart a ciki. Kamfanin ya ce ɗan kwangila ne ya kai aikin can ba da izininsa ba.

Mu ma abin ya ɗan leƙo mu. A 2011 Walmart ya sayi kaso 51 cikin ɗari na Massmart, kamfanin Afirka ta Kudu mai kantunan Game, kuma Game ya zauna a Ado Bayero Mall a Kano kafin daga baya ya tattara ya bar Nijeriya. Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari kuwa suna nan, domin mutuminmu yana son tayi, yana son gyara, yana son mai shagon da zai ɗaga masa ƙafa zuwa ƙarshen wata.

Ni a ganina abin da ya hana gardamar nan ƙarewa shi ne, sau da yawa mai yabon da mai kukan mutum ɗaya ne. Matar da ke ƙorafin ƙarancin albashi da rana, ita ce da yamma za ta tura amalanken sayayya a kantin, don nan kaɗai kuɗinta ke isa. Saboda haka duk lokacin da aka ce mana kaya ya yi araha, ya kamata mu tambaya a aljihun wa aka cire ragin. In daga wayon sito da mota ne, madalla. In kuwa daga gumin lebura ne, to hakki ne, kuma hakki ba ya tafiya a banza. Allah Ya ba mu halal, Ya sa mana albarka a cikinta, amin.