Gudun Yaro da Gudun Yarinya a Ƙagaggun Labarai: Dubawa daga Ƙasar Madawa

A cikin wannan takarda muna so mu duba abu guda da ke yawan fitowa a ƙagaggun labarai, wato matashi ya bar gida ba shiri don ƙin abin da manya suka yanka masa. Mun zaɓi kallonsa daga Madawa da Buza da Keita saboda a wannan yanki barin gida tsohon abu ne. Da an gama girbi samari kan tafi cin rani Najeriya ko bakin teku, kuma yunwar 1973-1974 da ta 1984 sun ƙara buɗe wannan hanya.

Tun a Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East (1934) mai fita namiji ne. Da attajiri Malam Shehu ya aure Zainab, sai Abubakar ya shiga duniya neman maganin ramuwa. Ita Zainab tana ɗaki. Haka kuma a littafin Faransanci na Mahamadou Halilou Sabbo, ɗan Tawa, Abboki ou l'appel de la côte (1978), samari ne ke amsa kiran bakin teku, marubucin kuma wahalar baƙunci yake nuna masu. Amma a ganinmu da wuya a kira wannan tawaye. Saurayin Buza da ya sulale da asuba ya hau mota zuwa Abijan, hanyar da ubansa da kawunsa suka bi ya bi. In ya komo da tufafi da kuɗin aure, ba mai tuna cewa bai yi sallama ba.

Al'amarin ya sauya lokacin da mata suka fara rubutu. A So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed (1980), yarinya Bafilatana, Boɗaɗo, ta nace sai wanda take so, ko da yake ba ɗan ƙabilarta ba ne. Shekara goma bayan haka Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? (1990), inda aka cire Abu daga makaranta tana ƴar shekara 13, aka aurar da ita ga tsoho Sarkin Noma. Abu ta gudu Kano wurin gwaggonta, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Nan ne hukuncin jama'a ya bambanta. Tafiyar da ake yi wa namiji addu'a a kanta, in mace ta yi ta sai a ce ta shiga duniya, kowa kuwa ya san nauyin wannan magana. Marubuciyar ta sani, shi ya sa ta kai Abu gidan ƴar'uwar ubanta, ta kuma sa iliminta ya amfani dangin da suka tilasta mata. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991) ma hanyar fita ba ta samu ba: Sumayya rijiya ta faɗa don kada a ba ta ga mai kuɗi, sai aka ceto ta.

Abin lura shi ne, waɗannan ƴanmata ba su fita daga addini ba. Hujjarsu daga cikinsa take, cewa ba a aurar da mace sai da yardarta, kuma neman ilimi wajibi ne a kanta. Duk da haka an zargi littattafan da lalata tarbiyya, har a 2007 Gwamna Ibrahim Shekarau ya ƙona wasu a bainar jama'a a Kano. Ba mu san an taɓa ƙona littafi ba don saurayin cikinsa ya tafi bakin teku.