Kagarar Bodiam: Gidan Yaƙi ko Gidan Alfarma?

A kudu maso gabashin Ingila, a yankin Sussex, kusa da kogin Rother, akwai wata kagara ta dutse da ke tsaye a tsakiyar ruwa, ana kiranta Bodiam. Wanda ya gina ta barde ne mai suna Edward Dalyngrigge. Dukiyarsa ganima ce da ya tara a Faransa lokacin Yaƙin Shekara Ɗari, inda ya bi rundunar Robert Knolles. Ƙasar Bodiam kuwa ta dalilin aure ya same ta, domin matarsa Elizabeth ita ce magajiyar gidan Wardieu.

A shekarar 1385 Sarki Richard na Biyu ya ba shi izinin katange gidansa don kare yankin daga abokan gaba. Fargabar tana da tushe, domin a 1377 Faransawa sun ƙone garin Rye da ke bakin wannan kogi. Sai dai Dalyngrigge bai taɓa tsohon gidan ba. Sabon fili ya zaɓa, ya ɗaga gini tun daga harsashi.

Ginin mai kusurwa huɗu ne, da hasumiya zagayayya a kowace kusurwa. Babbar ƙofa tana arewa, ƙarama tana kudu. Ɗakunan kwana, da zauren cin abinci, da madafa, da ɗakin ibada, duk sun jingina da ganuwa suna kewaye tsakar gida. A ƙarƙashin hasumiyar kudu maso yamma akwai rijiya, a samanta kuma ɗakin tattabaru. Faffaɗan gwalalo mai cike da ruwa ya zagaye ginin duka. A da, mai shiga ba ya miƙewa zuwa ƙofa: sai ya bi gada daga yamma zuwa wani ɗan tsibiri, sannan ya juya ya fuskanci ƙofar.

Masana sun daɗe suna muhawara a kan manufar ginin. Wasu sun ce kagarar yaƙi ce, suna nuni da kafofin harba bindiga da ke jikin babbar ƙofa, da wannan karkatacciyar hanya mai barin maƙiyi a fili gaban maharba. Wasu sun ce ganuwar ba ta da kaurin da zai jure doguwar tsare, zauren da ɗakin ibada suna da manyan tagogi, ruwan gwalalon kuma madatsa ce ta ƙasa ke riƙe da shi, wadda za a iya fasawa. A ganinsu, an tsara hanyar ne domin baƙo ya ga girman mai gida kafin ya iso. Tambarin iyalan Dalyngrigge da Wardieu da aka sassaƙa bisa ƙofa yana ƙarfafa wannan fahimta.

Tarihin masu ginin ma bai nuna wani gumurzu ba. Da zuriyar Dalyngrigge ta yanke, kagarar ta koma hannun iyalan Lewknor ta hanyar aure. A 1483 Sarki Richard na Uku ya aika a karɓe ta daga Thomas Lewknor, aka mayar wa iyalansa ita bayan Henry na Bakwai ya hau mulki a 1485. A lokacin yaƙin basasar Ingila, mai ita John Tufton, magoyin bayan sarki, ya sayar da ita a 1644 don biyan tarar da Majalisa ta ɗora masa. Daga baya ta zama kango. John Fuller ya saye ta a 1829 don kada a rushe ta, George Cubitt da Lord Curzon suka yi mata gyara, Curzon kuma ya bar wa ƙungiyar National Trust ita da ya rasu a 1925.

Ni a nawa nazarin, ɓangarorin biyu kowa yana da gaskiyarsa. Takardar sarki ta ambaci tsaro, ginin kuwa ya nuna mutumin da ya sami dukiya a fagen fama yana neman matsayi a tsakanin maƙwabtansa. Ɗalibin tarihi da ya tsaya ga takarda kaɗai zai ɗauki Bodiam sansanin soja, alhali gida ne da mai shi ya so a gani a girmama shi.