Laimar Sarki: Daga Fadar Mali Zuwa Dandalin Wasan Kwaikwayo

A farkon shekarar 1824 wani Bature matafiyi mai suna Hugh Clapperton ya shiga Kasuwar Kurmi ta Kano yana kallon kaya, sai ya yi kiciɓis da abin da bai zaci zai gani ba: koriyar laima ta ƙyallen auduga, ƙirar Ingila. Ya biya dala uku ta Sifaniya ya saya, ya kuma rubuta cewa ba wani baƙon abu ba ne a kasuwar. Raƙuman fatake ne suka ratso Sahara da ita. Wato sama da shekara 200 ke nan laimar kanti tana shigowa ƙasar Hausa.

Yau in ka zo Bena, a ƙaramar hukumar Danko-Wasagu ta masarautar Zuru, ranar kasuwa, laima ba ta ƙirguwa. Mai POS yana ƙarƙashin babba mai tambarin kamfanin waya, mai kifi da mai tumatir sun kafa tasu, mai goyo ta riƙe ƙarama don kada rana ta bugi jariri. Tun 1998 ma har alamar jam'iyya ta zama. Duk waɗannan kayan amfani ne. Amma akwai wata laimar da ba don ruwa ko rana kaɗai ake ɗaga ta ba, wadda in ta ɓullo daga nesa a cikin ƙurar dawaki kowa ya san inda sarki yake. Ita ce ta dame ni, musamman yadda muke nuna ta a wasannin kwaikwayo da finafinan tarihi.

Daɗaɗɗiyar alama ce. A sassaƙen duwatsun tsofaffin daulolin Iraki da Farisa ana ganin sarki yana tafe bawa na riƙe masa laima. Halifofin Fatimiyya na Misira suna da tasu, sarakunan Mamluk da suka biyo baya kuwa tasu ta rawayan alharini ce da tsuntsun azurfa mai ruwan zinariya a bisa. Irin wannan siffar Ibn Battuta ya tarar a ƙasar Mali, inda ya zauna daga 1352 zuwa 1353. Ya bayyana yadda Mansa Sulaiman yake zaman fada a kan wani dandamali a gindin itace, an ɗaga masa laimar alharini mai kama da ƙubba, a ƙololuwarta tsuntsun zinariya mai girman shaho. Ga shaida ke nan cewa laimar sarauta ta iso Afirka ta Yamma tun kafin jirgin Bature ya san hanyar gaɓar tekunmu.

Kuma waɗanda suka zo yaƙarmu sun san darajarta sarai. A yaƙin Isly na 1844, da Faransawa suka rinjayi rundunar Maroko, cikin ganimar da suka yi alfahari da ita har da laimar ɗan sarki, suka kai ta Paris. A 1874 rundunar Ingila ƙarƙashin Garnet Wolseley ta shiga Kumasi, ta ɗauke laimar Sarkin Asante Kofi Karikari, aka kai wa Sarauniya Victoria. Ba ƙyalle da sanda suka ɗauka ba, sun san cewa mutuncin mulki suke cirewa daga kan mai shi.

To, a ƙasar Hausa fa? Nan ne maganar take da daɗi, don ba ta tafiya yadda masu shirya fim suke zato. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya lissafa sababbin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa ya kawo a mulkinsa, daga 1463 zuwa 1499: Gidan Rumfa, Kasuwar Kurmi, dawakin zage, majalisar Tara ta Kano, kakaki, figini, da takalman gashin jimina. Babu laima a jerin. Abin da ke kewaye da sarki a wancan lissafi figini ne, wato mafici na gashin jimina, da amon kakaki. Clapperton ɗin nan da ya sayi laima a Kurmi, da ya isa Sakkwato a watan Maris na 1824, ya tarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zaune a kan ɗan ƙaramin kilishi tsakanin ginshiƙai biyu, cikin ɗaki mai rufin ciyawa. Shugabannin jihadi sun fito ne suna sukar almubazzarancin fada, don haka zamansu na farko zaman malamai ne.

Laimar da muka fi sani, babba mai geza, wadda Sarkin Laima ke tafe da ita a ƙasa kusa da dokin sarki yana juya ta yana ɗagawa yana saukewa, idon duniya ya saba da ita ne ta hanyar hawa: hawan sallah, hawan daushe, da manyan hawan daba irin na Kano a 1925 don Yariman Ingila, na Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabeth, da na bikin FESTAC a 1977. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Wanda bai taɓa tsayawa kusa ba ba zai gane nauyin aikin mai riƙon ba. Sandar doguwa ce, dole ta zarce rawanin mutumin da ke bisa doki. Iska na fizgar ta, doki na rawa, bindigogi na tashi, shi kuwa ba shi da damar barin inuwar ta kauce daga kan ubangidansa.

Ƙasar Zuru tata hanyar daban ce. Masarautar ta haɗa Dabai, Danko, Fakai, Sakaba da Wasagu, kuma Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, mutanen noma ne da duwatsu da jarumta. Inuwar manomin da ke aikin golmo a gonar surukinsa malafa ce. Duk wanda zai shirya wasa a kan rayuwar kakanninmu na wannan yanki, ko don bikin Uhola ko don taron makaranta, ya fara neman masaƙin malafa kafin ya nemi mai laima.

Kwaikwayon fada ba baƙonmu ba ne. Akwai wasan gauta, akwai tashe da azumi, akwai wasan kara na Damagaram, inda matasa ke shiga irin ta masu mulki. Da zamani ya zo, Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976, ya kuma yi Kanta of Kebbi, labarin gwarzon Surame na ƙarni na 16. Daga Turmin Danya na 1990 finafinan bidiyo suka buɗe, aka yi ta labaran sarki da yarima da kuyanga, irin su Sangaya. Abin da ke ɓata mini rai shi ne in ga an kashe kuɗi a kan alkyabba da rawani da kayan doki, sannan a ɗaga wa sarkin shekara ɗari huɗu da suka wuce laimar leda mai walƙiya, ƙarafunanta a fili, har da ɗan maɓallin da ake dannawa. Waɗannan siraran ƙarafuna suna da ranar haihuwa. Wani Bature, Samuel Fox, na kusa da Sheffield a Ingila, shi ya yi rajistar ƙirarsu a 1852. Kafin shi galibi da icce ake yi, ko kara mai ƙarfi, ko wani abu mai lanƙwasa da ake cirowa daga bakin ƙatuwar dabbar teku. Mai naɗewa ta shiga jaka irin ta yau kuwa sai wajen 1928 aka ƙirƙiro ta a Jamus. Yaron da ya kalli irin wannan fim zai tashi da hoton ƙarya a kansa, kuma hoto ya fi karatu zama a ƙwaƙwalwa.

Alhali duk hannun da ake bukata yana nan kewaye da mu. Ginin laima kusan ɗaya yake da tsaikon ɗakin jinka, bambancin kawai shi ne wannan tsaikon yana buɗewa yana rufewa. A sami gora madaidaiciya wadda ta bushe, ko icce marar nauyi, a yi sanda. Masassaƙi ya fafe zobba biyu na icce: ɗaya a kafe a sama, ɗaya ya riƙa hawa da sauka a jikin sandar. A tsaga gora a fere tsinkaye takwas ko goma sha biyu, tsawonsu ɗaya, a huda kawunansu a zarga su da tsirkiya ko igiyar fata a jikin zoben sama. Kowane tsinke a ba shi ɗan gajeren matokari daga zoben ƙasa. In aka tura zoben sama ta buɗe, sai a cusa 'yar ƙusar icce a hudar sandar ta riƙe shi.

Wurin da ake gane gwani shi ne yankan ƙyalle. Falle-falle ake yanka shi, kowane mai kusurwa uku, adadin tsinkayen. In tela ya yanka gefen a miƙe, laimar za ta fito a baje, ƙyallen yana lilo. Sai ya ɗan lanƙwasa layin, ta yadda in an haɗa fallayen aka ɗaura, ƙyallen zai ja tsinkayen su rusuna, ƙubbar ta fito. Shi ya sa ake fara gwadawa da akoko mai araha kafin a sa almakashi a karan-miski ko shadda. Daga nan a sa shafi a ciki ya rufe goran, a zagaye baki da geza da tuntaye, baduku ya naɗe mariƙin da jar fata, maƙerin fari ya ƙera abin da za a kafa a ƙololuwa. Don wasa ake yi, saboda haka kada ta yi nauyi, tunda mai riƙon zai iya wuni ana maimaita fitowa ɗaya. Kuma ƙyalle mai sheƙi yana dukan idon kyamara. Saƙi ko rinin baba ya fi kwanciya, in ana son ya nuna tsufa a ɗan jiƙa shi a ruwan bagaruwa a shanya a rana.

A Turai masu ɗinka kayan wasa kan sayi tsofaffin laimomin matan ƙarni na 19 waɗanda alharininsu ya ruɓe, su warware falle ɗaya a hankali su mai da shi ma'auni, su yi wa tsohon ƙarfen sabuwar riga. Mu ma muna da abin aunawa. Fadar da ta sayi sabuwar laima tana da wadda ta ajiye, kuma gara da asu ba sa jiran kowa. Ya kamata a fito da su a auna tsawon sanda da faɗin falle, a ɗauki hoto, a zauna da dattawan da suka riƙe su a tambaye su wane sarki aka yi wa wacce, wa ya ɗinka, daga ina ƙyallen ya zo. Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, wanda aka buɗe a 1958, da Gidan Makama na Kano, wurare ne da za su iya karɓar irin wannan ajiya, inda mai shirya fim daga Kano ko malamin makaranta daga Bena zai je da telansa da igiyar awo.