Isaka Dabore da Nojim Maiyegun: Wa Zai Kai Wani Ƙasa?

A fadodin samari na garuruwa irin Sabon Maci, cikin ƙasar Dakoro, da zarar an ɗora shayi aka shiga hirar dambe, musun yakan tsaya ne kan Muhammadu Ali da Mike Tyson. Alhali akwai wani karo mafi kusa da gida wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa: Isaka Dabore na Nijar da Nojim Maiyegun na Najeriya. Kowannensu shi ne ya fara ciyo wa ƙasarsa lamba a wasannin Olamfik, kuma dukansu biyu tagulla suka samu a damben zamani.

Abin da ya sa tambayar ke da tushe shi ne, an taɓa samunsu a gasa ɗaya. A Tokiyo, shekarar 1964, Dabore ya shiga ajin kilo 67, Maiyegun kuma ajin kilo 71. Kilo huɗu ne kacal tsakaninsu. Dabore ya kai zagayen 'yan takwas, inda Pertti Purhonen na Finlan ya tare masa hanya. Maiyegun ya wuce nan, sai a kusa da na ƙarshe Joseph Gonzales na Faransa ya tsayar da shi.

Hujjar masu goyon Maiyegun ta fi ƙarfi a kan mutum ɗaya, wato Tom Bogs na Denmak. Shi ne Maiyegun ya gama da shi tun a turmin farko a zagayen 'yan takwas, har alƙali ya tsayar da wasan. Bogs ba kanwar lasa ba ne: daga baya ya riƙe kambun Turai, kuma a 1972 ya kara da Carlos Monzon don neman kambun duniya. Wanda ya iya yi wa irin wannan ɗan dambe haka cikin ɗan lokaci, hannunsa na da nauyin da ɗan ajin ƙasa zai sha wuya kafin ya jure.

Masu goyon Dabore kuwa da juriya suke kafa hujja. Sau uku ya je Olamfik, a 1964 da 1968 da 1972. Lambar tasa ta zo ne a Munik a 1972, yana da shekara talatin da biyu, lokacin da yawancin tsararrakinsa sun ajiye safar hannu. Ya kuma same ta ne a ajin kilo 63.5, wato ya rage nauyi a shekarun da jiki ke son ƙarawa. Angel Angelov na Bulgeriya ne ya hana shi zuwa wasan ƙarshe. Nijar ta jira shekara 44 kafin ta sake ganin wata lamba, sa'ad da Abdul Razak Alfaga ya ci azurfa a takwando a 2016.

Sai dai a nan ne musun ke zamewa. Daɗewa a fage martaba ce babba, amma ba ita ke yanke hukuncin turmi uku na minti uku-uku ba. Kuma nasarar Munik, idan aka duba ta da kyau, tana ƙara nisanta Dabore ne daga abokin karawarsa: Daboren da ya fi ƙwarewa shi ne na kilo 63.5, ya zama tazarar ta tashi daga kilo huɗu zuwa bakwai da rabi. Mai kallon damben gargajiya zai ce nauyi ba komai ba ne, tunda a filin kaka ƙaramin ɗan dambe yakan yi kisa da naushi ɗaya, gwiwa ta taɓa ƙasa shi ke nan. Gaskiya ne a can. A damben zamani wanda ya faɗi yana da ƙirga goma ya tashi, alƙalai biyar na tara maki, kuma mai nauyi yana cin ribar kowane rungume da kowane tura.

An taɓa neman raba irin wannan gardama da kwamfuta a Amurka, inda aka haɗa Ali da Rocky Marciano a wani fim da aka nuna a 1970, na'urar ta ba Marciano nasara a turmi na 13. Musun bai mutu ba, don sakamakon ya dogara ne kan abin da aka ɗura mata. Labarin 'yan damben gargajiya Shago da Ɗandunawa ma ya fi zuwa mana ta bakin mawaƙi Ɗan Anace, kuma mawaƙi da gwaninsa yake. Dabore da Maiyegun sun bar abin da ya fi waƙa sauƙin aunawa: sunayen abokan karawa, aji, da shekara.

Da wannan ma'auni, da an haɗa su a Tokiyo, Maiyegun ne zai ɗaga hannu, mai yiwuwa da maki. A 1972 kuwa karon ba zai ma yiwu ba, domin Maiyegun ya riga ya koma damben kuɗi a Ostiriya, inda daga baya ya rasa ganinsa, ya rasu a 2024. Dabore ya riga shi rasuwa, a Disambar 2021.