Tahamisi: Yadda Tsohuwar Waƙa Take Komawa Bakin Jama'a

A makarantun ƙasashen Turai akan ɗauki kiɗan wani gwani irin su Beethoven, wanda aka tsara domin manyan makaɗa, a sassauta shi yadda yara za su iya rerawa tare. Malaman ƙasar Hausa ma suna da tasu hanyar mayar da shahararriyar waƙa abin rerawar taro, kuma sunanta tahamisi.

Kalmar daga Larabci take, daga tushen da ke nufin biyar. Baitin ƙasidar Larabci ɗango biyu ne. Mai tahamisi sai ya ƙago ɗango uku ya ɗora a gabansu, masu amsa-amo ɗaya da ɗangon farko na asali, ɗango na biyar kuwa ya riƙe babban amsa-amon waƙar. Bai taɓa ko harafi ɗaya na mai ita ba, amma baitin ya yi tsawon da jagora zai ja murya a cikinsa, jama'a su tarbe shi da amshi.

Misalin da ya fi shahara shi ne Ishiriniya. Alfazazi, mutumin Andalus wanda ya rasu a 1230, ya yi ta domin yabon Annabi, baiti ashirin ga kowane harafin Larabci, daga nan ta samo sunanta. Ibn Mahib ya yi mata tahamisi, kuma da wannan siffa ce ta zauna a zaurukan malamai na Kano, Katsina da Zariya, ana rera ta musamman a watan Maulidi. Almajiri da yawa ya haddace ta bai san inda muryar Alfazazi ta ƙare ta Ibn Mahib ta fara ba. Wannan shi ne nasarar tahamisi, shi ne kuma haɗarinsa.

Masu jihadin Sakkwato sun riƙi fasahar da hannu biyu. Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi wa Daliyyar yayansa Shehu Usmanu tahamisi, ya sa shi cikin Tazyinul Waraƙat. Tabban Haƙiƙa kuwa hannu uku ta ratsa: Shehu ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Jajis ɗin Asma'u, matan da take aikawa ƙauyuka, da waƙa suke koyarwa, domin abin da aka rera tare ya fi zama a ƙwaƙwalwa.

Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas, har ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Kogin Nilu, kusa da Sinnar. Da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, noman audugar Jazira ya jawo ƙarin Hausawa, galibinsu matafiya aikin Hajji da suka tsaya neman guzuri, suka zauna a ƙauyukan yankin, har da kewayen Hajj Abdalla. Sun tarar da Sudan tana da nata madahu, wanda ake rakawa da bandiri.

A can lissafin ya juye. Almajirin Kano sai malami ya fassara masa Ishiriniya da Hausa kalma-kalma, jikan muhajirai a Jazira kuwa da Larabci yake karatu da ciniki, don haka ƙasidar Larabci ta fi kusa da kunnensa. Waƙoƙin ajami na Hausa da Fulatanci da kakanninsa suka ɗauko daga Sakkwato su ne suke ƙara yi masa nisa, gwargwadon yadda Larabci yake mamaye harshen gida.